Tang ɗina mai cin gansakuka yana ramewa, a ina na yi kuskure?

Abban Khalifa: Assalamu alaikum mutanen gida. Dan Allah masu tankin ruwan gishiri ku taimaka min, tun jiya raina ba daɗi. Wata biyar kenan da na sa tang mai ruwan ɗorawa, wani kifin teku na ado, a tankina, lita 300 ne tsawonsa ƙafa huɗu, yara ma Ɗorawa suke ce masa. Lokacin da ya zo duwatsun duk sun yi kore shar har jikin gilashi, cikin sati uku ya share su tas, na ji daɗi sosai dan dama saboda haka na saye shi, kuma wanda ya sayar min cewa ya yi ba sai na ba shi komai ba abin da ke fitowa a tankin ya ishe shi. To ni dai 'yan ƙananan kifayen kilawun ɗina biyu nake zuba wa abinci sau ɗaya da yamma, shi ma yana ɗan tsinta. Jiya na tsuguna na dube shi ta gaba sai na ga cikin ya lotsa kamar an matse da yatsa biyu, saman idonsa wajen ƙeya shi ma ya faɗa, ga wasu 'yan ramuka ƙanana kusa da ido, launin ma ya koɗe. Ciwo ne ko me?

Maman Hanan: Wa'alaikumus salam Abban Khalifa. Koɗewar da safe kake gani ko har rana? Dan wannan kifin in dare ya yi launinsa na dusashewa har wani farin layi ya fito a gefensa, in haske ya dawo sai ya koma yadda yake, wannan ba komai ba ne

Abban Khalifa: Har rana Hajiya, yanzu ma da azahar haka yake

Injiniya Bukuru: Ɗan'uwa ka yi haƙuri da abin da zan faɗa, kifinka yunwa ce ke cinsa. Wanda ya ce maka ba sai an ba shi abinci ba bai kyauta maka ba ko kaɗan. Tang kifin kiwo ne, ka ɗauke shi kamar akuya. A teku tun fitowar rana har faɗuwarta yana kan duwatsu yana tsinka, loma ƙanana ƙanana ba hutawa, hanjinsa dogo ne an yi shi ne dan abinci ya riƙa wucewa ta ciki kullum, ba irin tarwaɗa ba ce da za ta cika ciki sau ɗaya ta kwanta. Kai kuma ka ɗaure akuya a tsakar gida ta cinye ciyawar da ke wurin a sati uku, sai ka bar ta wata huɗu tana lasar ƙasa. Lotsawar ciki ana gyara ta cikin kwanaki, amma wannan faɗawar ta saman ido ita ta fi damuna, dan alama ce ya fara cin naman jikinsa, kuma ba ta cikowa da wuri.

Abban Khalifa: Innalillahi. To Yallaɓai me zan ba shi yau ɗin nan?

Ɗan Farin Gada: Latas mana! Malam muna Jos muna neman ganye? Ka zo kasuwa da safe in ba ka kyauta. Ni nawa shekara biyu kenan ina ba shi latas da alayyahu, in ɗan tsoma a ruwan zafi ya yi laushi in maƙala masa, yana ci kamar me, kuma ga shi nan garau

Injiniya Bukuru: Latas kaɗai kake ba shi Alhaji?

Ɗan Farin Gada: A'a yana cin na ƙwaya ma da sauran kifin, safe da yamma

Injiniya Bukuru: To ai ka ga inda maganar take. Na ƙwayar ne ke riƙe da shi, latas ɗin cika ciki ne

Ɗan Farin Gada: Haba Injiniya, ganye ai ganye ne. Ku dai kun fi yarda da abin da aka ƙunso a leda daga waje

Malama Rayfield: Bari in sa baki a nan, dan wannan ya shafi abin da nake koyarwa. Alhaji ba wai raina namu ake ba, ni ma latas ɗinku nake saye kullum. Amma latas kusan kashi 95 cikin 100 ruwa ne, kuma ganyen tudu da ciyawar teku ba ginin su ɗaya ba, kifin da aka halitta kan na teku cikinsa ya fi sanin yadda zai narkar da shi. A hanjin irin waɗannan kifaye akwai ƙwayoyin halitta da ke zaune tare da su suna taimaka wa narkewar abinci, akwai ma wata bakteriya da ake kira Epulopiscium da aka gano a 1985 a hanjin wani tang mai ruwan ƙasa na Bahar Maliya, girmanta ya kan haura rabin milimita, wato da ido ma ana iya ganinta, abin mamaki ne a wajen bakteriya. Duk wannan tsarin kan gansakukar teku ya ginu. Sai kuma maganar feshi, kai ka fi ni sanin yadda ake fesa wa lambu maganin ƙwari, mu muna wankewa mu ci lafiya amma ruwan tanki a rufe yake, ɗan kaɗan ya isa ya kashe jatan lande da dodon koɗi in kana da su. In ba wani abu a hannu a ba shi latas da aka wanke sosai na kwana ɗaya biyu, ya fi zama da yunwa. Amma kifi mai jinya ba zai farfaɗo da shi ba.

Sadik Gangare: Anti to zogale fa? Na ji ana sa wa a abincin karfasa

Malama Rayfield: Karfasa ta ruwan daɗi ce Sadik, kuma ita kusan komai ci take. Ban ba da shawarar a yi gwaji kan kifin da ya riga ya rame ba

Injiniya Bukuru: Abban Khalifa abin da za ka nema sunansa nori. Busasshiyar ciyawar teku ce da aka matse kamar takarda, baƙa-baƙa mai ɗan kore, ita ce mutanen Japan ke naɗe shinkafa da ita. Manyan kantunan Abuja masu sayar da kayan abincin 'yan Asiya suna da ita. Amma ka kula sosai, akwai wadda ake sayarwa a ƙananan leda ta ciye-ciye, an shafa mata mai da gishiri wani lokaci har yaji, wannan kar ta shiga tankinka. Ka juya bayan ledar ka karanta, in ka ga wani abu bayan ciyawar kanta to ajiye. Ita nori busasshiya kusan kashi ɗaya cikin uku nata ko fiye furotin ne, ka ga ba a haɗa ta da latas. Ina da rabin fakiti a gida, ka turo yaro Bukuru ko in ba direban da ke shigowa Terminus gobe da safe.

Abban Khalifa: Allah ya saka da alheri Yallaɓai, ni da kaina zan zo bayan la'asar. Ya ake ba shi? A marmasa a zuba?

Injiniya Bukuru: A'a kar ka marmasa, famfo zai kwashe ya kai filta ya ruɓe a can. Ka yanki kamar faɗin yatsa uku, ka ninka biyu ko uku, ka ɗaure a jikin ɗan dutse da kyauro ka ajiye a ƙasa inda ya saba kiwo. Akwai maƙalin roba da ake mannawa a gilashi amma wanda bai saba ba tsoronsa yake ji, dutse ya fi masa kama da abin da ya sani. Ka sa da safe, abin da ya rage bayan awa uku ko huɗu ka cire, ka sake sa wani da rana. In bai taɓa ba ranar farko kar ka karaya, kuma kar yara su tsaya masa a gaban gilashi

Maman Hanan: Ni wannan maganar ta taso min da abin da ban manta ba. Bara na sayi wani ɗan kifi bileni, irin mai cin gansakukar nan Salarias, mai gashin gira kamar ɗan tsoho, in ya zauna kan dutse yana juya ido yana kallon kowa a falo. In ya kafa baki a gilashi ya kankara sai ya bar tambarin leɓensa zagaye zagaye, da safe sai in tarar da gilashin baya duk tambari kamar yaro ya bi ya manna baki. To ni kuma mai son tsafta ce, kullum sai na bi gilashi huɗun nan da magogi na share ƙal, ashe abincinsa nake kwashewa. Na ga dai ya rage tsalle-tsalle, cikin da yake tulu ya zama kamar zare, na ba shi na ƙwaya ya ƙi, na ba shi nori ya ƙi kallo ma, dan shi haƙoransa kamar mataji ne na kankarar abin da ya manne, ba ya yagar ganye. Kwana goma da na lura ya mutu. Wallahi na yi kuka, Hanan ma ta ƙi cin abinci ranar. Tun daga nan gilashin gaba kawai nake gogewa, na baya da gefe ɗaya na bar wa masu shi.

Baba Sale: Allah sarki. Shi ya sa nake gaya wa yaran nan, duk abin da ka tsare ka hana shi neman na kansa to cinsa da shansa na wuyanka, ko kifi ne. Ba ado ba ne kawai, rai ne

Maman Hanan: Haka ne Baba. Kuma Abban Khalifa ga dabarar da na koya daga baya, ka sami roba mai faɗi ka zuba ruwan da ka cire lokacin canjin ruwa, ka jefa duwatsu uku huɗu ka ajiye inda rana ke bugawa, ka rufe da gilashi ko farar leda saboda ƙurar hunturun nan. Sati biyu zuwa uku sun yi kore. Sai ka riƙa ɗauko ɗaya ka sa a tanki, in ya share ka mayar ka ɗauko wani. Kiwo ne na gaske kuma ba ko sisi

Musty Gwarinpa: Ni fa ina da ja a nan. Mutum ya sha wahala ya rabu da gansakuka yanzu kuna ce masa ya riƙa tura abinci sau uku a rana, ai dawowa za ta yi, ni nawa tankin da na ƙara abinci sati biyu kawai komai ya yi gashi, har wani ja-ja mai yauƙi ya rufe min yashi kuma tang ɗin ko kallonsa ba ya yi. To ina amfanin mai shara in sai ka biya shi kuma sharar na nan

Injiniya Bukuru: Musty da wane ruwa kake haɗa gishirinka?

Musty Gwarinpa: Bohol ɗin gidanmu, ruwa ne mai kyau muna sha

Injiniya Bukuru: Kyau a sha daban, kyau a tankin murjani daban. Gansakuka abu uku take so, haske da naitiret da fosfet. Alhaji na Farin Gada zai gane wannan da sauri, N da P ɗin da ke jikin buhun takin NPK su ne dai. Ruwan bohol ko na rijiya yana iya zuwa da su tun daga ƙasa, har da silika mai kawo wannan ƙura-ƙura mai ruwan ƙasa a gilashi, kai kuma duk sanda ruwa ya ragu ka ƙara da shi, wato kana zuba taki kenan kullum. Kifi ba ya fitar da taki daga tanki, ya ci gansakuka ya yi kashi takin ya koma ruwa. Abin da ke fitar da shi canjin ruwa ne da sikima, wato na'urar da ke kwashe datti ta kumfa, da ruwan da aka tace da injin RO. Kuma jan nan mai yauƙi da kake magana ba gansakuka ba ce ma, bakteriya ce, sayano ake ce mata, ba tang ba bileni ba mai cinta. Ka zuƙe ta da tiyo ka ƙara motsin ruwa a wurin.

Ɗan Farin Gada: Wannan kam gaskiya ne, inda taki ya zube nan ciyawa ke fin ƙarfi. Amma maganar latas ban sauka ba fa

Musty Gwarinpa: To na ji na ruwa, zan auna. Amma har yanzu ina ganin sau uku ya yi yawa a lita 300

Malama Rayfield: Yawan lokutan ba shi ne matsala ba Musty, yawan abin da ke ruɓewa ne. Kaɗan kaɗan sau uku da aka cinye tas ya fi tuli guda da rabinsa zai kwanta bayan dutse

Sadik Gangare: Ni a ganina ya ƙaro kifin foksfes kawai, mai dogon baki ɗin nan, ance ya fi kowa cin gansakuka mai gashi, in Ɗorawa ya ga yana cin nori shi ma zai koya

Injiniya Bukuru: Sadik ƙanena a tankin da ɗaya bai ƙoshi ba za a ƙaro baki na biyu? Foksfes na kai wa kusan santimita 24, ga ci, in ya ji yunwa murjani masu laushi yake koma wa yana tsinka. Kuma ƙayoyin bayansa da dafi. Ni ya taɓa sukata a babban yatsa ina gyara dutse, zafin har kafaɗa na ji shi kamar harbin kunama, sai da na tsoma hannu a ruwan zafi iya wanda fata za ta jure kusan awa guda kafin ya lafa. Gida mai yara a yi tunani. Shi kansa tang ɗin yana da wata 'yar aska a gindin wutsiya kowane gefe, fara ce a jikin mai ruwan ɗorawa, ka duba za ka gani, kar a kama shi da hannu ko a raga mai manyan ido. Kuma in faɗi gaskiya lita 300 ma ƙarshen ƙanƙanta ce gare shi, nan gaba sai an nemi wanda ya fi.

Abban Khalifa: Na gani wallahi, ni na ɗauka ado ne. To ramukan fuskar fa, su ma yunwar ce?

Malama Rayfield: Wannan zaizayewar fata ce da ke kama kai da layin gefen jiki, tang sun fi kowa yinta. Rashin abinci mai kyau na cikin abin da ake dangantawa da ita, amma ina da tambaya, kana sa gawayin tace ruwa a filta?

Abban Khalifa: Eh ina sawa, wani mai araha na samu a buhu ba suna, in na zuba har ruwan ya kan ɗan yi baƙi na minti kaɗan

Malama Rayfield: Cire shi yau. A 2011 an buga wani gwaji da aka yi a gidan zoo na Toledo a Amurka kan wani nau'in tang, waɗanda aka tace ruwansu da gawayi mai laushi mai ƙura duk sun yi wannan zaizayewar, waɗanda ba a sa musu gawayi ba ba su yi ba. In dole sai ka sa nan gaba ka nemi mai tauri ka wanke shi har ruwan ya fita fari

Baba Sale: Wani abu da ba wanda ya tambaya, nawa zafin ruwanka yake da asuba? Mu nan Jos a Disamba sanyi ba wasa ba, ni na rasa kifi biyu a shekarun baya kafin in gane hita na mutuwa in an ɗauke wuta

Abban Khalifa: Baba da rana digiri 25 ne, amma inbata na mutuwa wajen ƙarfe uku na dare, shekaranjiya da na tashi sallah na ga 21

Baba Sale: To ka gani. Kifi in ya ji sanyi ba ya cin abinci, kuma wannan hawa da saukar shi ke jawo musu farin ƙuraje. Ka lulluɓe tankin da bargo da dare, ka cire firji daga kan inbata ka bar wa hita da famfo. Kuma iskar nan na shanye ruwa, gishiri kuwa ba ya tashi, in ka ga ya ragu ka cika da tataccen ruwa mara gishiri, ma'aunin gishiri ya tsaya wajen 1.025

Musty Gwarinpa: Mu a Abuja namu akasin haka ne, Maris da Afrilu fanka muke kafa wa a saman ruwa

Sadik Gangare: Abincin tarwaɗa fa, ƙananan ƙwayoyin nan? Yana sa ƙiba da sauri ai

Injiniya Bukuru: An yi shi ne dan tarwaɗa ta yi nauyi a kai ta kasuwa cikin 'yan watanni, ga maiƙo, zai ɓata ruwan. Amma ka taɓo gaskiya ɗaya, tang ba ganye zalla yake rayuwa a kai ba, a teku yana haɗiye 'yan ƙananan halittu da ke cikin gansakukar, shuɗin tang ma yawancin cinsa 'yan halittun da ke yawo a ruwa ne. Dan haka a haɗa masa da na ƙwaya na kifin teku mai sifirulina, wato wani koren gari mai gina jiki, da ɗan jatan lande ɗanye da aka kankare sau biyu uku a sati. Mai ƙanƙara in ya narke ya sake daskarewa saboda wuta a zubar. Ku sani kifin nan a teku yana haura shekara 30, kuma tun da kotu ta dakatar da kama su a Hawai a farkon 2021 kuɗinsu ya tashi, yawancin na yanzu ƙyanƙyasar gida ne, abin da aka fara cin nasararsa a 2015. Waɗannan sun taso da na ƙwaya, in naka irinsu ne ba zai yi gardama ba.

Abban Khalifa: Jama'a salam, yau kwana goma sha biyu, na ce bari in dawo muku da labari. Na karɓo nori wajen Injiniya ranar, na cire gawayin, bargo kuma kowane dare, asuba yanzu 24 nake gani. Kwana uku na farko zagaya dutsen kawai yake ya koma, har na fara fid da rai, rana ta huɗu Khalifa ya rugo ɗaki yana Abba yana ci yana ci, na fito na laɓe bakin ƙofa na ga ya kama gefen ya girgiza kai ya yage, ya ja baya ya dawo ya sake. Yanzu kafin in gama ɗaura kyauron yana bakin hannuna. Cikin ya ciko, launin ya fara dawowa, saman idon dai har yanzu a faɗe yake kuma ramukan suna nan amma ba su ƙaru ba. Duwatsun Hajiya na roba a bayan ɗaki sun fara yin kore kaɗan.

Maman Hanan: Alhamdulillah, wallahi na ji daɗi har raina. Ka bar su su ƙara sati kafin ka fara ɗauka

Injiniya Bukuru: Madalla. Na saman idon ka ba shi wata biyu zuwa uku, kar ka rage abinci dan ka ga ciki ya ciko. Nori ɗin ka sa a kwalba mai murfi, yanzu iska a bushe take amma da damina laushi take yi

Ɗan Farin Gada: Barka Malam. Ni dai nawa gobe ma latas zai ci, amma in wani zai Abuja a sayo min fakiti ɗaya in gwada in gani da idona

Musty Gwarinpa: Ina shigowa Jos ranar Juma'a ɗaurin aure, masu so su rubuta suna da adadi kafin Laraba da dare. Injiniya, na auna ruwan bohol ɗin, zan turo maka hoton kwalbar gwajin ka duba min launin dan ni na kasa bambance shi da na jikin katin